Ramin Kifin Baba a Chaza

Wambai, Suleja
Watan Yuni

Zuwa ga Yaya Safara'u,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara da duk mutanen Zariya. Yaya jikin Muhsina, tarin nan ya sake ta? Mu nan lafiya lau. Umma tana gaishe ki da kyau.

Kin ce in gaya miki gaskiyar abin da Baba ya yi da kuɗin sallamarsa, na kasa a waya. Kin san gidan nan, ɗaki biyu ne, ko atishawa na yi yana ji. Shi ya sa na rubuto, zan ba Yakubu direban motar Zariya ya kawo miki. Abin da na gani da idona zan ce na gani, abin da aka gaya mini kuma zan ce an gaya mini.

Kuɗin sun fito bayan dogon jiran da kika sani, kuma ba su kai yadda ya yi zato ba. Fanshon wata kuwa ba ya kai mu tsakiyar wata. Baba ya karɓi hayar wani ɗan fili a Chaza kusa da rafi, ya sa an haƙa rami, ya zuba 'ya'yan tarwaɗa, ya sayi buhunan abincinsu ya jibge a ɗakinmu, har sai da na mayar da katifata bakin ƙofa. Ba wani ɓangare na kuɗin ya sa ba, Yaya, duka ya sa. Wannan na tabbatar, don ni na raka shi banki. Shirinsa shi ne a kwashe kifin a watan Oktoba, a biya hayar gida da za ta ƙare ƙarshen shekara, a sake zuba wasu.

Ki tuna yadda yake da kamun kifi. Duk Asabar lokacin yana aiki a Abuja, shi da Baba Bamidele abokinsa sai su hau kekuna su nufi Gurara can wajen Izom da ƙugiyoyinsu, su dawo da yamma. Ƙananan da suka kama su mayar ruwa, manyan kawai suke ɗaukowa. Umma takan ce kifin nan bai taɓa biyan kuɗin facin taya ba. Yanzu Baba ya ce ya gaji da bin kifi gidansa, gara kifin ya zauna a nasa.

Kullum bayan sallar asuba yake hawan tsohon keken nan ya tafi Chaza. Tun da na dawo daga makaranta ina jiran takardar hidimar ƙasa, ni nake raka shi. Ina zama a baya riƙe da bokitin abinci, shi yake tuƙawa. Na roƙe shi ya bar ni in tuƙa, ya ce keken ya girme ni, ba ya jin maganar yara, kuma digirina na ilimin ƙasa ne ba na keke ba. A hawan tudu ina jin numfashinsa yana fita da kyar, sai in ce ina son in miƙe ƙafa, in sauka in bi shi a ƙasa.

Akwai wani zalɓe da ke zuwa bakin ramin. Dogo ne, toka-toka, yana tsayawa da ƙafa ɗaya ba ya ko motsi. Baba ya sa masa suna Darakta, wai shi ma tsayuwa kawai yake yi yini guda ba aikin fari ba na baƙi, amma shi ke fara ci. Ya ɗaura igiyoyi a kan ruwan, ya warware tsofaffin kaset-kaset ɗinsa ya rataya zaren yana ƙyalli. Darakta ya yi kwana biyu yana kallon zaren daga nesa, sannan ya dawo ya tsaya a ƙarƙashinsa. Baba yana yi masa faɗa kamar mutum, yana tambayarsa ko an sa masa hannu a takardar izini. Ban taɓa ganin Baba cikin nishaɗi haka ba tun da ya bar aiki.

Ni dai hankalina bai kwanta ba. Na karanta a wurare da dama cewa tarwaɗa ba sa girma tare. Wasu suna yin gaba, kuma in ba a ware manyan ba sai su cinye ƙananan. Karantawa na yi, ban gani ba tukuna, don haka ban ce masa komai ba.

Ki gaida kowa. Ki sa mu a addu'a.

Ƙaninki,
Nu'uman


Wambai, Suleja
Watan Agusta

Zuwa ga Yaya Safara'u,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida mutanen gidan. Da fatan ruwan bana bai yi muku ɓarna ba. Na ji daɗi da Yakubu ya ce Muhsina ta koma makaranta. Yajin da kika aiko ya iso, Umma ta gode.

Yaya, yanzu na gani. Ranar Talatar da ta wuce ina watsa musu abinci, wani ƙato ya taso, wutsiyar ɗan'uwansa tana leƙowa daga bakinsa tana motsi. Na tsaya na duba sosai don kada idona ya yaudare ni. Wutsiya ce, kuma mai rai. Washegari na sake ganin haka a ɗaya gefen ramin.

Na gaya wa Baba a hanyar dawowa, ina bayansa a kan keke, don ya fi mini sauƙi in yi magana ba na ganin fuskarsa. Na ce ya kamata a samo masu jan taru su fitar da manyan, a sayar ko a ware su. Sai da ya tsayar da keken don dariya. Ya ce shi tun kafin a haife ni yake zama bakin Gurara yana roƙon Allah ya ba shi babban kifi, yau Allah ya ba shi su a raminsa, ɗansa mai digiri ya ce a kwashe su a bar masa ƙanana. Ya ce wanda na gani a bakin wancan ai matacce ne ya tsinta. Na ce na ga yana motsi. Ya ce ruwa ne ke kaɗa shi.

Ba taurin kai ba ne kawai, na yi ta tunani a kai. Mai kamun ƙugiya bai san babban kifi da wani laifi ba. Kullum manyan su ke fara tasowa in an watsa abinci, su yake gani, su ke faranta masa rai. Akwai wanda ya sa wa suna Sarkin Ruwa, yana gane shi da wani tabo a kai. Ƙananan da ba sa tasowa, ya ce kunya suke ji, suna ci a ƙasa. In kuma ya ga ruwan ya yi shiru fiye da da, sai ya juya ya harari Darakta.

Na zauna na lura da tsuntsun nan safiya da yawa. Yana kamawa, ba na musu, amma ɗan abin da yake ɗauka bai taka kara ya karya ba, kuma yanzu yawancin kifin sun fi ƙarfin bakinsa. Kwaɗi ya fi ci. Rannan ya sauko kusa da ni har ina ganin ƙwayar idonsa, rawaya ce. Muka kalli juna. Na ji kamar in ba shi haƙuri a kan sharrin da ake yi masa, sai na tuna ni da shi aikinmu ɗaya a wurin nan, tsayuwa da kallo.

Na je wurin Madam Ngozi, maƙwabciyarmu mai sayar da farfesun kifi, ita ce ta yi alkawarin sayen kifin Baba in sun isa. Ta tambaye ni sau nawa aka ware su tun da aka zuba, na ce ko sau ɗaya. Ta ɗora hannu biyu a ka. Da yamma ta shigo gida ta durƙusa ta gaida Baba, ta ce masa da Hausarta kifin nan ba su da uwa ba su da uba, ɗan'uwa nama ne a wurinsu. Baba ya ce mata ita dai ta tanadi manyan tukwane. Ya ba ta goro ta tafi.

Kiran da kika yi masa ma bai yi amfani ba, sai dai ya gane ni na gaya miki. Bai yi mini faɗa ba. Ya ce kawai in har na iya kai rahoto Zariya, to in rubuta musu su aiko mini da aiki. Ya yi kwana uku yana tafiya Chaza shi kaɗai. A na huɗu na fito na tarar yana jira a ƙofar gida da bokitin a hannu, ya miƙo mini.

Na yi tunanin in kira masu tarun ba da saninsa ba. Na tambayi kuɗin aikinsu, ba ni da shi. Ko da ina da shi, ban san da wane ido zan kalle shi ba in ya zo ya tarar an shiga raminsa. Kuma Madam Ngozi ta ce ko yau aka ware, abin da ya tafi ya tafi. Abincin kifi ya ƙara tsada, buhunan ɗakinmu saura kaɗan, na mayar da katifata inda take.

Takardar hidimar ƙasa ba ta fito ba. An ce sunayen ajinmu sai rukuni na gaba. An ce ne, ban gani a rubuce ba.

Ki gaida maigidanki, ki yi mini godiya a wurinsa.

Ƙaninki,
Nu'uman


Wambai, Suleja
Watan Oktoba

Zuwa ga Yaya Safara'u,

Assalamu alaikum. Da fatan kuna lafiya, ke da yara. Mu jikinmu lafiya. Na san Umma ta gaya miki a waya an kwashe kifi, ta ce miki an gode Allah. Ga yadda abin ya kasance.

Ranar Asabar aka yi. Baba ya sa farar rigarsa ta zuwa ofis. Ya gayyaci Baba Bamidele, shi ma ya zo a kan kekensa duk da ciwon gwiwa, yana ta tsokanar Baba wai yau zai ga ko kifin gida ya kai na Gurara daɗi. Madam Ngozi ta zo da Keke Napep biyu cike da manyan robobi. Ta gaya mini a gefe cewa guda ɗaya ma ya isa, amma Baba ne ya ce ta kawo biyu, ba ta son ta karya masa zuciya tun da safe.

Aka kunna injin jan ruwa. Ruwa yana raguwa Baba yana zagaya ramin yana ba da umarni. Da ya kai gwiwa masu taru suka shiga suka ja. Jan farko ya fito da manyan, baƙaƙe, wasu sun kai tsawon hannuna, suna bugun laka. Baba Bamidele ya yi kabbara duk da shi Kirista ne, kowa ya yi dariya. Baba ya ɗaga Sarkin Ruwa da hannu biyu, rigar ta ɓaci bai kula ba, ya ce in ɗauke shi hoto. Na ɗauka. Yana wayata, ban iya sake kallonsa ba.

Ja na biyu ya fito da kaɗan. Na uku laka ce da ganye. Baba ya ce su sake ja, sauran sun nutse a ƙasa. Suka sake. Ya ce a ƙarasa janye ruwan. Aka janye har ƙasan ramin ya bayyana, sai kwaɗi ke tsalle. Ya cire takalmi ya shiga da kansa yana laluben laka da hannu, kusurwa zuwa kusurwa. Injin yana ta ƙara, har mai injin ya kashe shi don kansa.

Abin da ya fito bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da aka zuba ba. Na ƙirga sau biyu. Kuma akwai abin da ban sani ba sai ranar: masu farfesu ba sa son kifi ƙato haka, matsakaici suke so wanda mutum ɗaya zai nuna a yanka masa. Madam Ngozi ta saye su duk da haka, a farashin da na tabbata ta cuci kanta, ta ce za ta kai wa masu banda. Ɗaya Keke Napep ɗin ya koma ba komai.

Darakta yana kan wata bishiya can gefe tun da aka fara. Baba ya fito daga laka ya tsaya yana kallonsa. Na ɗauka zai ɗora masa laifin kamar kullum, har ina fatan ya yi. Bai yi ba. Ya juyo ya kalli cikin robar da manyan suke, ya daɗe. Sannan ya tambaye ni, a hankali don kada Baba Bamidele ya ji, wai wutsiyar nan da na gani da gaske tana motsi? Na ce tana motsi. Da na ce ban tabbata ba, da ya fi, amma bakina ya riga ni.

Da za mu dawo ya miƙo mini kan keken ya zauna a baya. Ba shi da nauyi ko kaɗan, Yaya. Na yi ta waiwaye in tabbatar yana nan.

Abin da aka samu ya biya masu taru da mai inji, saura kuma ba zai kai rabin hayar gida ba, balle a sake zuba kifi. Mai filin ya ce in ba za mu sabunta ba akwai mai so. Baba yana cin abinci, yana zuwa masallaci, sai dai ba ya kunna rediyo.

Don Allah kada ki kira shi a kan maganar nan. Ki kira ki ba shi Muhsina su yi hira.

Ƙaninki,
Nu'uman


Wambai, Suleja
Watan Nuwamba

Zuwa ga Yaya Safara'u,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarku baki ɗaya. Saƙon kuɗinki ya iso ta hannun Yakubu. Na san daga ina kika tsakuro shi, Allah ya saka. Umma ta ɓoye, ta ce sai mai gidan haya ya zo za ta fito da shi, don in Baba ya sani zai ce a mayar miki. Ko da shi ba za a kai ba, amma za a samu abin roƙon a ƙara mana lokaci.

An karɓe filin Chaza. Baba ya je ya kwance igiyoyinsa ya naɗe su ya kawo gida, ban san me zai yi da su ba. Ya koma ofishin fansho ya tambaya ko akwai sauran wani abu da zai fito. An ce masa babu, abin da ke zuwa duk wata shi ke nan. Wannan ina wurin aka faɗa.

Shekaranjiya Baba Bamidele ya zo da labari. Surukinsa yana aiki da wani kamfanin masu gadi da ke tura mutane rukunin gidaje a Abuja, ana neman masu tsaron ƙofa. Ni na ɗauka don ni ya kawo maganar, har na fara cewa ina so. Sai ya ce ba sa ɗaukar wanda bai yi hidimar ƙasa ba in yana da digiri, wai suna barin aiki ba sallama. Baba ne ya tambaya ko suna ɗaukar wanda ya iya karatu da rubutu, ya san Abuja lungu-lungu. Baba Bamidele ya kira shi da sunansa ya ce Gwadabe, kai da ka yi shekaru ana buɗe maka ƙofa ka shiga ofis. Baba ya ce ai shi ya sa ya san yadda ake buɗewa.

Sai dai akwai wani sharaɗin kuma, ba sa ɗaukar wanda ya kai shekara hamsin. Baba yana da sittin da biyu.

Jiya bayan la'asar ya kira ni ya ce in ɗauko biro da takarda mai kyau, rubutuna ya fi nasa fita yanzu. Ya faɗa na rubuta, sunansa, garinsu, unguwarmu. Bai yarda a sa aikin da ya yi ba, ya ce a ce ɗan kasuwa ne. Da muka zo kan shekaru ya ce in sa arba'in da tara. Na ɗago kai na ce Baba ai za su nemi katin shaida. Ya ce surukin Bamidele ya ce ba sa dubawa, fuska suke kallo, kuma shi Baba ya riga ya yi magana da wanzami a rage masa furfurar. Na ce in aka gane fa? Ya ce in aka gane za su kore shi ya dawo gida, inda yake yanzu.

Kin san ni, ko ranar wata na kuskure a takarda sai na sake sabuwa. Na riƙe biron ya daɗe a sama. Bai matsa mini ba, yana kallon tabarma yana jira. Na rubuta arba'in da tara.

Daga nan ya ce in lissafa masa shekarar haihuwar da ta dace da hakan, in riƙa tambayarsa ba zato don ya saba. Tun jiya muke yi. Yana alwala in tambaye shi, yana cin abinci in tambaye shi. Sau biyu ya ba ni ta gaskiya. Na lissafa, da wannan sabuwar shekarar yana ɗan shekara goma sha huɗu aka haife ki. Na gaya masa, ya yi dariya har da tari, ya ce to kada in yarda ki zo wurin aikin ki kira shi Baba. Umma ta tashi ta shiga ɗaki.

Gobe za mu bi motar farko zuwa Abuja. Ya ce in raka shi, amma in tsaya daga nesa in mun isa, don in suka gan ni da gemuna lissafin zai ɓaci. Ban san wace addu'a zan ce ki yi ba, ta su ɗauke shi ko ta su ƙi. Ki yi wadda kika ga ta fi.

Ki gaida maigidanki da yara. Umma tana gaishe ki.

Ƙaninki,
Nu'uman